Baffa, Mai Auna Maza da Kara

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi Baffa, yayan mahaifina, ya cika a gadon asibiti, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyoyin ƙofar gidansa da ke Nassarawa GRA, muka zauna karɓar gaisuwa.

Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, motoci har kwanar titi. Sai dai ni mutum ne mai sa ido, haka Allah ya yi ni, kuma abin da na gani bai yi min daɗi ba. Manyan baƙin da aka ce su shiga falo, ga kujeru ga sanyi, sai su ce a'a, nan waje ya fi iska. Wanda kunya ta sa ya shiga kuwa, bakinsa na addu'a idonsa na yawo a bango. An zagaya da ruwa a kofuna, na ga wani dattijo ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tura kofin bayansa bai kurɓa ba. Wani tsohon abokin aikin Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yafe masa," sannan ya ƙara da, "duk abin da ya yi." Na ce amin na zare hannuna. A cikin gida kuma, ƙanwata ta ce wata mata ta matso jikinta tana tambaya ƙasa-ƙasa ko an buɗe siton baya tukuna. Har samarin da ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, na jiyo ɗaya yana ce wa na kusa da shi, "Wai shi ne mai auna mutanen nan?"

Wannan ƙus-ƙus ɗin bai dame ni kamar rashin zuwan Baba, mahaifina, ba. Su biyu suka rage a ɗakinsu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gidan Baba a Hotoro yake, ba wata tafiya ba ce. Bai zo jana'iza ba. Rabonsa da tsallake ƙofar gidan nan tun zamanin da kuɗin mai ya fara malala a ƙasar nan. Duk motar da ta tsaya sai kawuna su juya, kuma na san abin da ke ransu. In aka yi addu'ar uku aka watse ƙanensa bai zo ba, to maganar da ake yi a kan Baffa ta zauna, tunda jininsa ma ya guje shi har a mutuwa. Da wannan sunan za a bar shi, 'ya'yansa da jikokinsa su gada. Ni kuwa na zauna a gidansa shekaru, na san abin da na gani, shi ne zan faɗa.

Baffa injiniyan ruwa ne na gwamnati. Dogo ne siriri, maganarsa kaɗan, kuma in ya yarda da abu ko duk garin nan ya taru a kansa ba ya sakewa. Ina koyarwa a wata sakandare a lokacin, ban yi aure ba, ya ba ni ɗaki a bayan gidansa. A shekarun nan kuɗi ya yi yawa har ya fara ba mutane tsoro. Wanda ka sani jiya a kan keke, yau ka gan shi a bayan mota da direba, ba wanda ya san ta ina, saboda haka kowa yana zargin kowa.

Aka tura Baffa wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai ya duba injinan tura ruwa da za a sayo. A gida ba mu taɓa kiran sunan ƙasar ba, ƙasar ƙanƙara kawai muke cewa. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da agoguna da kwat-kwat. Shi kuwa ya sauko daga jirgi rungume da wasu sirara-siraran katakai biyu da suka fi shi tsawo, bakinsu a tanƙware sama, da sanduna biyu masu tsini. Da ƙyar muka cusa su a mota, rabinsu a waje ta taga, 'yan sandan hanya na bin mu da kallo. Hajiya, matarsa, ta dube su a tsakar falo ta ce, "Alhaji, tsarabar ke nan?"

Ya ce, "Ita ke nan."

Ya ce sunansu siki, takalman tafiya ne a kan dusar ƙanƙara. Ba irin na wasan gangarowa daga tsauni da muke gani a silima ba, nasa na matafiya ne, waɗanda ke barin gari su ratsa daji, su hau tudu su sauka inda ba hanya. Turawan da ya yi aiki da su ne suka fita da shi wani hutun ƙarshen mako. Ya durƙusa a kan kafet yana nuna min.

"Ka ga ƙarfen nan yatsu kaɗai yake riƙewa, dunduniya a sake take, don ka ɗaga ƙafa kamar mai tafiya. Wannan fatar mai gashi kuma a ƙasan katakon ake liƙa ta in za a hau tudu. Shafa ka ji."

Na shafa gaba na ji santsi, na shafa baya gashin ya miƙe ya riƙe min hannu.

"Yauwa. Gaba ta bar ka ka wuce, baya ta cije. Ba don ita ba da sai ka zame ka koma inda ka fito."

Ban taɓa jin Baffa ya yi doguwar magana haka ba, har a ɗaurin aure. Nan take na ce a raina akwai mace a cikin zancen nan. Ashe Hajiya ma abin da ta ce ke nan. Ta zazzage akwatinsa tana neman hoton Baturiya, ba ta samu komai ba sai safa mai kauri da wani ɗan gwangwani mai ƙamshin ƙaro. Ta sunsuna, ta ƙulle shi a leda ta kai wa malaminta ya duba ko magani ne. Kakin da ake shafa wa katakon ne, Baffa ya yi sati yana nemansa.

Daga nan ya tsiri fita da safe da sandunan nan biyu, yana zagaya unguwa da dogon taku wai kada jikinsa ya manta. A GRA kuwa ba mai tafiya a ƙasa sai kuku da mai ban ruwan fulawa da maigadi. Mutum mai mota biyu a gareji yana yawo da sanda a kowane hannu, ƙafarsa lafiya lau. Maƙwabta su tsayar da mota su sauke gilashi: "Alhaji, mota ce ta lalace? Shigo mu rage maka hanya." Ya ce a'a, ya gode. Da farko dariya ake yi. Daga baya na fara jin ana cewa ai sharaɗi aka ba shi, dole ya zagaye unguwar kullum kafin rana ta take.

Abin da ke ran Baffa ɗaya ne, kuma ya faɗa min wata rana muna cin abinci. Ya ce, "A can na ji wani shiru da ban taɓa ji ba. Ba tsuntsu, ba mota, sai numfashinka da ƙarar katako a ƙarƙashinka. Muna yara ni da Auta a ƙasa muke zuwa birni daga ƙauye, mu kaɗai a hanya. Tun da muka yi motoci ban sake tafiya da shi ba. Ina so ya ji shirun nan kafin ɗayanmu ya mutu." Auta yake kiran Baba, har Baba ya yi furfura. Ya yanke cewa in sanyi ya zagayo a can zai tafi da mu mu uku: Baba, da mijin Goggo ƙanwarsu, da ni. Amma sai ya fara komawa shi kaɗai kan aikin injinan, ya zaɓo wa kowa katakonsa.

A nan ne abin ya lalace. Wani tsohon mai kanti a can ya koya masa yadda ake zaɓar wa namiji siki, shi kuma ya riƙe abin kamar karatun allo. Mutum zai tsaya ba takalmi ya ɗaga hannu ɗaya sama, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan bakin katakon zai kai. Sannan nauyi, domin tsakiyar katakon a ɗage take kamar baka. Mai ƙiba ya hau mai laushi zai danne shi ya yi ta jan ƙasa, mara nauyi ya hau mai tauri ba zai iya danne shi ya kama ƙanƙara ba. Sabon shiga kuma mai ɗan faɗi ake ba shi, a rage masa tsawo kaɗan, kuma mara nauyi, tunda yini zai yi yana jan sa a ƙafa. Baffa ya kan ce, "Duk namijin da na tambaya mai tsawo yake so, kamar sarauta ake rabawa. In ka tambayi nauyinsa kuma ya rage maka." Don haka ya sayo sikeli, ya daina tambaya.

Tef ɗin awo ma bai yarda da shi ba. An taɓa sayo musu bututai a wurin aiki, nan an auna da inci can an karanta da wani awon, suka zo ba su shiga ba. Tun daga ranar ya ce in zai yiwu a kai abin da kansa, ba lambarsa ba. Tunda ba zai ɗauke mu ya kai kanti ba, sai ya sa aka kawo masa dogayen karan dawa daga ƙauye, ya yanka wa kowa daidai tsawonsa, ya tafi da su a jirgi.

To kowa ya san me ake auna wa da kara a ƙasar nan. In mutum ya mutu, kara ake shimfiɗawa a gefensa a yanke daidai tsawonsa, a kai wa masu haƙan kabari. Baffa ya sani, shi ya auna mahaifinsu da hannunsa. Hajiya ta tare shi a ƙofar kicin ta ce, "Alhaji, don Allah ka nemi igiya ko zare. Mutum da ransa ba a sa masa kara."

Ya ce, "Igiya tana miƙewa. Kuma gawa a kwance ake auna ta, su a tsaye suke, har da ɗaga hannu. Wa zai haɗa?"

Ta ce, "Kowa."

Wata Asabar da safe ya tara mu a baranda. Mijin Goggo ɗan kwangila ne, ƙato mai tumbi da son raha. Ya hau sikeli allurar ta kusa zagayowa, ya ce sikelin Turawa bai san mutunci ba. Da aka jingina masa kara ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Yaya, ƙara min taƙi ɗaya mana, kada wurin ya matse ni." Muka yi dariya duka, ban da Baba. Baba ya tsaya an auna shi don yayansa ne ya ce, amma ya kau da kai bai yarda ya dubi karan ba. Ni ma da wuƙa ta ratsa karana sai da tsigar jikina ta tashi. Baffa ya ɗaura wa kowane kara zare mai launi daban ya jingine su a siton baya. Na waiga na ga maigadi a bakin ƙofa ya saki baki, buta a hannunsa ruwa na zuba bai sani ba.

Kafin Baffa ya tafi, babbar motar siminti ta bi ta kan motar mijin Goggo a hanyar Zariya. Aka kawo gawar gidansa, aka yi wanka, ana neman karan da za a auna shi. Maigadin Baffa yana cikin masu taimako a tsakar gida, sai ya ce, "Ai akwai nasa a gidan Alhaji, an riga an yanka." Har yau ban san ko da gangan ya faɗa ba ko bakinsa ne ya kufce. Na dai san kafin a dawo daga maƙabarta an tuno da maganar da mamacin ya yi cewa kada wurin ya matse shi. A watan ne kuma aka ƙara wa Baffa girma a wurin aiki aka ba shi sabuwar mota. Mutanen gari suka haɗa nan da can suka ce ya ba da surukinsa, saura ƙanensa da ɗan ƙanensa.

Da wani ne, da sai ya ƙone karan a gaban jama'a ya kira malamai su yi addu'a, ƙura ta lafa. Baffa ya ce bai yi laifin da zai wanke ba. Ya bar karan mamacin a sito domin ya kasa jefarwa, ya ɗauki nawa da na Baba ya hau jirgi.

Bayan dawowarsa, kayan suka iso wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin dogon akwatin katako a bayan a-kori-kura. Masu gadin layin duk suka fito suka yi cirko-cirko, domin akwatin ya yi kama da wanda Kirista ke sa gawa. Baffa ya aika aka kira Baba. Ya zo, ya ƙi zama, ya tsaya a tsakiyar falo da babbar rigarsa.

Ya ce, "Yaya, ina karana?"

"Na baro shi a kantin. Me zan yi da shi, an gama?"

"Ka ɗauki awona ka kai ƙasar da ba a kiran sallah, ka bar shi a hannun wanda ban sani ba."

"Auta, katako ne fa."

"Mijin ƙanwarmu ma katako ka ce masa."

Baffa ya sunkuya. Ya ɓalle murfin akwatin ya ɗago guda biyu ya miƙa masa a kan tafukansa. Ya ce, "Ga naka. Yini na yi a kantin nan. Na zaɓa maka mai faɗi don kada ka yi ta faɗuwa, mara nauyi saboda gwiwarka ta hagu. Na sa mai kantin ya nemo mutum mai nauyinka ya hau na gani da idona. Taɓa ka ji."

Baba ya mai da hannayensa cikin riga. Ya ce, "In ba komai, ɗauko Alƙur'ani ka rantse min."

Na ga fuskar Baffa ta canza. Ya ajiye katakon a hankali ya ce, "In sai na dafa Alƙur'ani kafin ka yarda ban kashe mijin ƙanwata ba, to rantsuwar ma ba za ta ishe ka ba. Ba zan yi ba."

Baba ya juyo kaina ya ce in kwashe kayana in bi shi. Na ce aikina ya fi kusa da nan. Ya dube ni kamar wanda ake yi wa kallon ƙarshe, ya fita. Ni na ga laifin kowannensu a ranar, kuma har gobe ina gani. Baba ya zargi yayansa da abin da ko maƙiyi sai ya yi tunani kafin ya faɗa. Baffa kuma ya fifita girman kansa a kan kalma ɗaya da za ta riƙe masa ƙane.

Na zauna, kuma ba don na gama yarda da Baffa ba. Na ce in akwai wani abu, gara ina kusa in gan shi yana tahowa. Na sa masa ido sosai. Na san lokacin fitarsa da na dawowarsa, na san masu zuwa wurinsa, na leƙa siton nan ba sau ɗaya ba. Abin da ke ciki tsofaffin tayoyi ne da buhun gawayi da kara ɗaya mai jan zare. A duk shekarun nan abin da na kama Baffa da shi taurin kai ne da shan shayi ba sukari. Dangi kuwa ni suka sa wa ido. Ko mura na yi sai gida ya cika da 'yan dubiya, suna leƙa fuskata suna girgiza kai. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su, har yanzu akwai wata gwaggon mahaifiyata da in ta gan ni take cewa, "Kana nan dai?"

Tafiyar ba ta yiwu ba, shi ma bai sake komawa ba. Sau ɗaya da damina, ciyawar gidan ta jiƙe sharkaf, ya ɗaura min nawa ya ce in gwada takun. Na tura ƙafa ɗaya ɗayar ta bi ta, na zauna daɓas a cikin taɓo da wandon aikina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya duba yadda katakon ya kwanta a ƙarƙashina ya ce, "Ka gani? Daidai nauyinka." Daga nan ya rataye su duka a bangon falo, nasa da nawa da na Baba, ya hana a sauke ko za a yi fenti.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda alherinsa ma ya koma abin zargi. Ya jawo famfo ya fito da shi bayan katanga don mutanen unguwar Giginyu da ke kusa su ɗiba kyauta. Bayan maganar ta fito sai suka koma wanki da shi kawai, ba sa sha. Wata bazara ruwan gari ya ɗauke, dole ta sa suka dawo da tuluna da bokitai, kowa ya tara sai ya ɗaga murya ya yi bisimilla yadda za a ji a cikin gida. Hajiya ta fusata ta ce a rufe famfon. Baffa ya ce, "Bar su. Na sa sun tuna Allah, ladan biyu ke nan." Ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yan Goggo har suka gama, aka ce biyan diyya yake. Ya gina masallaci a ƙauye, aka ce wankin zunubi ne. Goggo kanta ba ta taɓa furta zargin ba har ta koma ga Allah, amma in 'ya'yanta maza za su gaishe shi takan ja musu kunne kada su tsaya kusa da bango.

Shi da Baba sukan haɗu a ɗaurin aure ko jana'izar dangi, su gaisa kamar waɗanda suka taɓa zama unguwa ɗaya. Da Sallah Baffa ya kan je Hotoro, yaya guda yana bin ƙane, a ce masa Baba ya fita alhali ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Ya yi ta zuwa har ƙafarsa ta gaza. Bai taɓa zagin Baba a gabana ba. In na kawo ƙarar mahaifina sai ya ce, "Ya ci abinci dai? Gwiwar fa?"

A asibiti, ranar da ta rage masa kwana ɗaya, na ga abin ya yi nisa. Na sunkuya na ce, "Baffa, bari in je in ɗauko Baba ko da tsiya ne." Ya riƙe min hannun riga ya yi magana da ƙyar, na saurara, na bar zancen.

Ranar addu'ar uku da sassafe na bar mutane a kan tabarmi na tafi Hotoro. Na tarar da Baba zaune a bakin gado cikin farar babbar riga, da hula da takalmi, sandarsa a kan cinya. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce tun ranar Talata haka yake yi, ya yi wanka ya shirya ya zauna, in ta ce a kira direba sai ya ce tukuna. Na tsaya ina kallonsa, raina a ɓace. Kwana biyu ina karɓar gaisuwar da shi ya kamata ya karɓa.

Bai ɗago ba ya ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Ni da babban ɗansa."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ya bar min magana?"

"Ya bari."

"Tsinuwa ce?"

Na ce, "Cewa ya yi kada in matsa maka. Ya ce ba ƙinsa kake ba, tsoro ne. Ya ce tun kana yaro haka kake, in kun zo rafi sai ka tsaya a baki kana kuka, ba ka shiga sai ya dawo ya riƙe ka. Ya ce wannan karon shi ne ya ƙi dawowa, ka yafe masa."

Baba ya ɗauke sandar daga kan cinyarsa. Sai ya dogara ta ya miƙe ya ce in kawo mota.

Da muka tsaya a ƙofar gidan, liman ya riga ya fara addu'a. Muryoyin amin suka ragu, kawuna suka juyo. Na buɗe masa ya fito, ya yi taku biyu ya tsaya cak a bakin ƙofar, yana kallon barandar nan. Ya ce min ƙasa-ƙasa, "Ka san har yanzu ina jin tsoron?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To riƙe ni."

Na riƙe shi muka shiga. Hannunsa sanyi ƙalau a cikin nawa. Ya wuce har ɗakin Hajiya, ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo ya yi mata gaisuwa. Ta daɗe tana kallonsa ta cikin mayafi kafin ta ce, "Ka zo, Auta." Da muka fito ya nufi kan tabarmar da iyalan mamaci ke zama, ya ce wa babban ɗan Baffa ya matsa. Ya zauna a gaba, ya ɗaga murya yadda har na bakin titi suka ji ya ce, "Yayana ne ya rasu. Duk mai gaisuwa ya zo nan ya yi min."

Suka taso ɗaya bayan ɗaya, har da masu ƙus-ƙus ɗin, suna durƙusawa a gabansa suna cewa Allah ya ji ƙansa. Yana amsawa hawaye na bin gemunsa bai share ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma na ji haushi a lokaci guda, domin wanda ya fi kowa son ganin shigowar nan ya kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa.

Allah Ka ji ƙan Baffa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa alherin da mutane suka ƙi karɓa daga hannunsa Kai Ka karɓa. Shi kuma Auta, in tasa ta zo, Ka cire masa tsoro.